Siminti, roba ko ƙarfen kwancewa: wanne ya kamata ka saya?

Yawancin samarin da ke shirin fara ɗaga ƙarfe tambaya ɗaya suke yi wa mai kaya: kilo nawa ne? Da ni ne, abin da zan fara dubawa shi ne ko kayan za su bar ni in ji tsokar da nake nufi tana aiki, ko kuwa fizga zan yi ta yi da ƙugu da gadon baya.

Wannan ba zancen baka ba ne. A 2018 Brad Schoenfeld da abokan aikinsa a Amurka sun sa sababbin shiga atisaye na mako 8. Wasu aka ce su tara hankali kan matsewar tsoka, wasu aka ce su dai tabbatar nauyin ya tashi. Damtsen rukunin farko ya ƙara kauri da kashi 12.4 cikin ɗari, na biyu 6.9, amma a cinya ba a ga wani bambanci ba. Wani bincike na 2016 kan tura ƙarfe daga ƙirji ya nuna dabarar tana aiki ne muddin nauyin bai wuce kashi 60 na iyakar ƙarfin mutum ba. Da ya kai 80 sai amfanin ya ɓace. Saboda haka kayan da ba a iya rage musu nauyi sun riga sun tauye ka.

Nan ne na siminti ya faɗi. Araha kam babu kamarsa: bututun ƙarfe daga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, gwangwanayen fenti biyu, ɗan siminti da yashi, shi ke nan. Sai dai ba ka san nauyinsa ba, kuma da wuya ɓangarorin biyu su zo daidai, sai kafaɗa ɗaya ta riƙa ɗaukar wa ɗaya kaya ba ka sani ba. In aljihu bai ba da wani zaɓi ba, a zuba biyu ko uku masu girma daban, a auna kwaɓin kowane ɓangare a sikeli, mai walda ya gitta ƙusa a bakin bututun don kada simintin ya sulluɓe.

Robar atisaye mai talewa tana da daɗin koyo, don tana ƙara tauri yayin da kake ja, matsewar sai ta fito sarai. Ta dace da matan da ke atisaye a cikin gida da matafiya. Zafin Afrilu da bushewar hunturu ne ke cinye ta. A duba tsagewa kafin a ja, don in ta tsinke fuska take nufa.

Zaɓina shi ne ƙarfen hannu da ake kwance wa faifai, sabo ko gwanjo, irin wanda ake samu a shagunan kayan wasanni na Sabon Gari. Ka murɗa makullinsa ka girgiza. In faifan suna karkaɗawa, hankalinka zai koma kansu maimakon damtse. Ka dubi ramin faifan ma, domin na sandar Olamfik, wato babbar sandar gasa, milimita 50 ne, ba ya zama a ƙaramar sanda. Kuma kada mai shago ya lallaɓe ka da manyan faifai kaɗai, ƙananan nan na kilo 1.25 da 2.5 su ne za ka fi taɓawa.

Gidan motsa jiki fa? Ka biya kuɗin yini ɗaya tukuna, ka je daidai lokacin da za ka riƙa zuwa. In bayan Magariba ne, ka ga cunkoso da ƙarar kiɗa da idonka, ka kuma lura ko mai horarwa yana gyara wa mutane tsayuwa ko waya yake dannawa. Sandar Olamfik ta maza ita kaɗai, ba faifai, kilo 20 ce, ta ishi sabon shiga a makonnin farko.

In canji ya rage, madubin tsaye za ka saya, ba ƙarin faifai ba.