Gyaran birki a Amurka: kaya a wadace, hannu da tsada

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya. A gaida su Inna.

Ka ga hotona da sufana a hannu, kana tambaya ko kanikanci na koma. A'a, birkin a-kori-kurata nake canza wa fad (takalmin birkin da ke damƙe faifai) da faifai a ƙofar gida, kuma a nan ba abin mamaki ba ne. Abin da ke cin kuɗi a gyaran mota a Amurka hannun bakanike ne. Da awa ake lissafa ladan aiki, babu ciniki, babu "a duba ni don Allah". Sau da yawa kuɗin aikin yakan kamo na kayan, wani lokacin har ya wuce.

Wajen kaya kam sun yi mana nisa. Ka shiga shago irin AutoZone ko O'Reilly, ka ba da lambar jikin motar, mai haruffa da lambobi 17, kwamfuta ta fitar da ainihin abin da ya dace da ita. Ba sai ka ciro tsohon ka yi ta yawo da shi ana gwadawa da ido ba. Wasu fad ɗin ma da garanti suke zuwa. Abin da ya fi burge ni shi ne aron kayan aiki: ka ajiye kuɗin jingina, ka ɗauki na'ura, in ka dawo da ita a mayar maka da kuɗinka cif.

Aikin bai da wuya, kula yake so. Jak kaɗai ba a yarda da shi, sai an kafa ƙafafun ƙarfe, don irin Ford F-150 nauyinta yakan kai tan 2. In ka kwance maƙatar da ke matse faifan, rataye ta za ka yi da waya, kada ta yi lilo a jikin tiyon man birki. Hagu da dama tare ake canza su. Sabon faifai yawanci da maiƙo yake zuwa don kada ya yi tsatsa, sai an wanke shi tas. A jikin kowane faifai an buga iyakar kaurinsa, da ya gaza haka sai bola, ba a lallaɓawa. Inda ake shan wuya shi ne jihohin arewa, inda suke zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara: faifan yakan manne da tsatsa, sai da guduma yake saki.

Amma kada ka ɗauka komai nasu ya fi. Bakaniken gida zai bar garejinsa ya same ka a bakin hanya, ya saurari ƙarar motar ya gaya maka ciwonta. Nan sai ka nemi rana, ko ka biya a ja motar. Gidajen haya da yawa kuma sun hana gyaran mota a harabarsu, ni dai na dace da mai gida mai sauƙin kai.

Ka gaya wa yaran nan masu son taɓa mota: bayan an ɗaure komai, a yi ta taka birki har ya yi tauri kafin a motsa, don takun farko fayau yake tafiya ƙasa.