Ledar gilashi mai PDLC, tana aiki amma fa ba labule ba ce

Ledar nan da ake mannawa a gilashi, wadda ake kira PDLC, in ka danna makunni ta washe kana hango ciki tar, in ka kashe ta koma fari fat, ita na saka a gilashin da ya raba ofis ɗina da wurin zaman baƙi. Gaskiya abin da aka ce tana yi tana yin shi, kafin ka ƙifta ido ta canza.

Ba wani siddabaru a ciki. Roba ce falle biyu, kowace an shafa mata wani siririn sinadari mai ɗaukar wuta da ake kira ITO, a tsakaninsu kuma ƙananan ɗigo ne na ruwan kiristal irin na allon LCD. In babu wuta kowane ɗigo ya fuskanci inda ya ga dama sai haske ya tarwatse, shi ya sa take yin fari, wuta na shiga sai su jeru haske ya wuce salin alin. Tun shekarun 1980 aka ƙirƙiro ta a Amurka, jami'ar Kent State na cikin waɗanda suka yi aikin.

To amma abin da masu talla ba sa faɗa, ba ta kawo duhu ko kaɗan, ganin mutum kawai take hanawa, haske kam yana shigowa abin sa, kuma da dare in fitila na kunne a ciki mutum ya matso jikin gilashin ana ganin inuwarsa. Sannan ko tana kunne in ka kalle ta ta gefe sai ka ga kamar hazo-hazo, sai ka tsaya gaba da gaba take yin garau. Wannan ya ɗan ba ni haushi wallahi, don a bidiyo kullum ta gaba suke ɗauka.

Wuta ba ta ci sosai, wajen watt 5 ne a kowace murabba'in mita. Sai dai dole ta bi ta taransifoma ɗinta mai rage wuta zuwa wajen volt 48 ko 60, wutar AC take so, ba irin ta batir ba, kada wani ya ce zai jona ta kai tsaye a soket ko batir, lalacewa za ta yi. In aka ɗauke wuta fari take komawa, ni dai hakan ya fi min.

Wurin mannawa ne aikin yake. A bushe ake saka ta, ba a fesa ruwa irin na tintin mota, kuma ƙura ɗaya tak in ta shige ƙasa za ka ga kumfa zagaye da ita, tawa akwai irin wannan a kusurwar ƙasa kullum idona a kai. A toshe gefuna da silikon wanda ba shi da asid, mai warin tsamin nan yana cinye bakin ledar, musamman inda aka manna siririn jan ƙarfen da waya ke kamawa.