Gawayin kachala: ra'ayina bayan na yi girki da shi

Masu tambaya ta akan gawayin nan da wasu samari ke haɗawa da kachala, doguwar ciyawar nan mai fitowa cikin ruwa, nan Talata Mafara, to ga abin da na gani. Ba irin gawayin icce ba ne, dunƙule dunƙule ne, busar da ciyawar suke su ƙona ta cikin durom a rufe, su dake, su kwaɓa da kokon rogo sannan su matse su shanya.

Kamawar shi akwai jan rai gaskiya, sai kin sa ƴan ƙirare kin yi ta fifita. Amma in ya kama shikenan, ba hayaƙi ba tartsatsi, wuta ce mai tafiya a hankali, wake da ganda da duk abin da ke son daɗewa bisa wuta shi ne gwaninsu. Suyar ƙosai kam ban ba ki shawara ba, mai bai yin zafin da ake so. Toka kuma kamar mi, dole ki riƙa kakkaɓe murhu in ba haka ba ta toshe iska, kuma kar ki bari ko yayyafi ya taɓa buhun don marmashewa yakai.

Ni dai abin da ya sa nike saye har da haushin ciyawar. Duk mai gona a fadamar Bakolori ya san ta, tun da aka gama dam ɗin a 1978 ruwa ya zan ba ya ƙafewa rani da damina, ita kuwa abin da take so kenan, sai ta cike hanyoyin ruwa ta hana shi isa gonakin da ke can ƙarshe, inda ta kafu ba bado ba burugu ba komai sai ita kaɗai, masunta ba su samun wurin jefa koma, sannan tsuntsun jan baki ya samu wurin kwana ya fito da safe ya sauka bisa shinkafa, ga sauro ga dodon koɗin da ke kawo tsargiya. Mutanen Hadeja da Nguru sun fi mu shan wuyarta bayan an gina dam ɗin Tiga. Can Senegal da Muritaniya ma haka ta yi musu a bakin kogi, kuma sun riga mu fara maida ta gawayi.

Inda nike da magana da samarin shi ne yankan. Na ga inda suka yi aiki, sama sama suka sare, ai har ta sake tofowa shar. Ita kachala sai an yanke ta ƙarƙashin ruwa yadda kututturen zai nutse ya rasa iska saiwar ta ruɓe. Na faɗa ma ƙaramin cikinsu ya ce Hajiya akwai matsattsaku da macizai, ba su da takalmin roba. To wannan kam da gaskiya tai.

Kuɗin shi bai kai na icce ba. Ki fara da ƙaramar leda ki gwada da wake tukuna kamin ki ɗauki buhu.