Wane ɗakin mafaka ya dace da gidanka, na ƙarƙashin ƙasa ko na sama?

A jihohin tsakiyar Amurka irin su Oklahoma, Kansas da Texas, tsakanin jin jiniyar gargaɗi da isowar mahaukaciyar guguwa sau da yawa bai wuce kwata ɗin awa ba. Guguwar da ta afka wa garin Joplin na jihar Missouri ranar 22 ga Mayu 2011 ta kashe mutane fiye da 150, wadda ta ratsa Moore a Oklahoma a Mayun 2013 kuma ta kashe 24. Dukansu sun kai matakin EF5, wato iskar da ta haura mil 200 a awa. Wanda zai sayi ɗakin mafaka, da waɗannan 'yan mintuna ya kamata ya auna zaɓinsa: shin kowa a gidan zai iya shiga kafin su ƙare?

Kafin a zo maganar iri, akwai sharaɗin da ba a ciniki a kansa. Ka nemi shaidar cewa ɗakin ya cika ICC 500, wato ƙa'idar Amurka ta gina ɗakunan mafakar guguwa, da jagororin FEMA, hukumar agajin gaggawa ta gwamnatin tarayyar Amurka. Ƙa'idar mafi tsanani ta tanadi jure iska mai gudun mil 250 a awa, kuma gwajin da ake yi shi ne a harba katako mai nauyin kusan kilo 7 a jikin bango da gudun mil 100 a awa. Jami'ar Texas Tech da ke Lubbock ta shahara da wannan gwaji. Abin da masu saye ke yawan mantawa shi ne ƙofa. Dole a ce an gwada ta tare da firam ɗinta da sakatunta da duk abin da ke riƙe da ita, domin ƙofar ƙarfe ta kasuwa da aka liƙa wa bangon kankare ita ce za ta fara ɓallewa. Idan mai sayarwa ya kasa nuna takardar gwaji, ka wuce, araha ba ta ado.

Na ƙarƙashin ƙasa da ake binnewa a tsakar gida shi ne tsohon salo, kuma yawanci ya fi sauƙin kuɗi. Ana yin sa da kankare, ƙarfe ko fayiba. Kankare na iya tsagewa ya riƙa tsatsafo da ruwa, ƙarfe na tsatsa, fayiba kuwa ba ya tsatsa amma rashin nauyinsa na sa ruwan ƙasa ya turo shi sama idan ba a ɗaure shi da kankare ba. Babban aibinsa a wurina shi ne sai an fita waje, cikin ƙanƙara da tarkacen da iska ke wurgi da su, kafin a kai gare shi. Ga kuma matakala mai gangara, wadda tsoho ko mai ciki ba za su sauka da sauri ba, mai keken guragu kuwa ba ma a magana.

Wanda ake haƙawa a daɓen gareji ya magance matsalar fita waje, amma ya zo da nasa. Mota kan tsaya a kan murfin, ruwa ko mai na iya gangarawa ciki, kuma idan gidan ya rushe tarkace kan danne bakin. Kada ka saye shi sai da jak ko na'urar da za ta buɗe murfin daga ciki.

Na sama, wato akwatin ƙarfe da ake ɗaurewa da noti a daɓe ko ɗakin kankare da rodi da ake ginawa tare da gidan, mutane da dama na shakkarsa. Gani suke duk abin da ke saman ƙasa iska za ta kwashe. Injiniyoyin da suka duba ɓarnar Moore sun tarar waɗanda aka gina bisa ƙa'ida sun tsaya. Ni dai shi nake fifitawa ga gidan da ke da tsofaffi, ƙananan yara ko mara lafiya, saboda taku kaɗan ne an shiga an rufe. Sai dai ƙarfinsa duka yana ga daɓen da aka kafa shi a kai. Idan daɓen siriri ne, ko ya tsattsage, ko babu rodi a ciki, notin ba abin da za su riƙe. A sa injiniya ya duba kafin a biya kuɗi.

Batun ruwa shi kaɗai yakan yanke hukunci. A wurin da ambaliya ke kaiwa, ko bakin teku inda guguwar teku ke turo ruwa tudu, ramin ƙasa tarko ne, kuma a irin wannan yanki bin umarnin ƙaura ya fi kowane ɗaki.

Wajen girma, ƙa'idar ta ware aƙalla murabba'in ƙafa 3 ga mutum ɗaya a gidan iyali don guguwar da ke wucewa cikin mintuna. Guguwar teku ta kan ɗauki sa'o'i, don haka tana buƙatar fiye da ninkin hakan. Ka kuma tambayi hukumar agajin gaggawa ta jiharka kafin ka fara aiki, domin wasu jihohi na mayar da wani kaso na kuɗin, kuma galibi sai an amince da takardarka tukuna a soma gini.

Bayan an kafa, ka yi rajistar wurin da 'yan kwana-kwana ko hukumar gari don su san inda za su tono ku. Kafin shigowar bazara, lokacin da guguwar ta fi yawa, a buɗe ƙofa a rufe, a sa mai a sakatu, a share kafofin shan iska, a duba tsatsa da danshi da macizai ko gizo-gizo. A sabunta ruwan sha, batir na tocila da rediyo da magunguna, a ajiye takalma masu kauri na taka tarkace. Kada a mayar da ɗakin sito, kuma a riƙa gwada shiga da yara har da daddare.