Madarar gwangwani mai lamba 1: abin da ke cikinta da abin da take nema a wurin uwa

A kemis-kemis da manyan shagunan Katsina, daga Babbar Kasuwa har bakin titin Ƙofar Ƙaura, ba a rasa madarar jarirai mai lamba 1, wadda aka yi wa jariri daga haihuwa zuwa wata shida. NAN 1 da SMA ne sunayen da aka fi ji, yawanci a gwangwanin giram 400. Ba kamfani da kamfani za mu gwada ba, domin duk wadda ke da lambar NAFDAC ta gaskiya, abin da ke cikinta bai yi nisa da na 'yar'uwarta ba. Abin dubawa shi ne ko kayan nan ya dace da matar da ke awon hatsi kullum, tana sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, balle in tana ɗauke da ƙwayar cuta mai karya garkuwar jiki, wato HIV.

Mu fara ba ta haƙƙinta. Madarar saniya ce aka sarrafa, aka rage mata gishiri da furotin, aka ƙara mata sinadarin ƙarfe da bitamin yadda ƙodar jariri da hanjinsa za su ɗauka. Ga jaririn da uwarsa ta rasu wurin haihuwa kuma ba a sami mai shayar da shi ba, ita ce abin da ya rage, kuma ta fi madarar shayi ta leda, da nonon shanu, da ruwan koko nesa ba kusa ba. Waɗannan ukun ba abincin jariri ba ne, kome tsananin rashi.

Wahalar tana farawa daga lissafi. Jariri yana buƙatar kamar mililita 150 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai kilo huɗu ke nan zai sha mililita 600, cokalin awo ashirin, domin a yawancinsu cokali ɗaya ne a shafe ga mililita 30 na ruwa. Gwangwanin giram 400 ba zai kai masa kwana biyar cikakku ba. A wata shida jariri kan shanye kusan kilo 20 na garin, wato gwangwani hamsin ko kusa da haka, takwas a kowane wata in an raba. Kafin a sayi na farko, maigida ya tambayi kuɗin guda, ya ninka sau takwas, ya ɗora kuɗin gawayi da sabulu da ruwa, sannan ya dubi abin da ke shigo masa. Gwangwani biyu da 'yan'uwa suka kawo ranar suna ba su ne za su raini yaro ba.

Sai haɗawa, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna. Garin da ke cikin gwangwani ba a kashe duk ƙwayoyin cutar da ke cikinsa ba, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a haɗa shi da ruwan da zafinsa bai yi ƙasa da digiri 70 ba. A wanke hannu da sabulu, a tafasa ruwa sosai ko da na leda ne, a bar shi ya ɗan huce amma kada ya wuce minti 30. Ruwa ake fara zubawa zuwa layin awo, sannan gari, a shafe bakin cokali ba tare da dannawa ba. A gauraya, a tsoma ƙasan kofin cikin ruwan sanyi har ya zama in an ɗiga a bayan hannu ba ya ƙuna. Abin da yaro ya rage a zubar, wanda aka haɗa ba a sha ba kuma kada ya wuce awa biyu. Haka za a yi sau takwas a wuni, har da tsakar dare, a kan kurfoti, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40 kuma babu wutar da za ta riƙe firji.

Fida kuwa ba ma ba da shawarar ta. Madara tana maƙalewa a cikin robar bakinta da lungun wuyanta, ƙuda ya sauka, gudawa ta biyo. Ƙaramin kofi ya fi sauƙin wankewa da tafasawa, kuma ko jaririn kwana ɗaya yana iya sha da shi: a ɗan tallafe shi zaune, a sa bakin kofi a leɓensa na ƙasa, a karkata har madara ta taɓa leɓen, shi zai tsotsa da kansa. Ba a ɗura masa.

Idan gwangwani ya kusa ƙarewa kuma babu kuɗin wani, abin da ake yi sananne ne, ana rage cokali a ƙara ruwa. Cikin yaro ya cika amma ba ya ƙiba, daga nan sai rama, sai tamowa, kuma ruwan da ya yi yawa yana iya jawo masa jijjiga. Mai cika gari don yaro ya yi ƙiba da wuri ita ma ta jawo masa ƙishi da taurin bayan gida.

Uwa mai ɗauke da ƙwayar cutar ita aka fi tsoratarwa ta sayi gwangwani, alhali shawarar ta canza tuntuni. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce uwar da ke shan maganinta ta ba da nono zalla wata shida, ta ƙara da abinci, ta ci gaba da shayarwa aƙalla wata 12, har zuwa 24 ko fiye in ta so. In ba a yi komai ba, daga 15 zuwa 45 cikin jarirai 100 na iya kamuwa tsakanin ciki da haihuwa da shayarwa. Da magani, adadin yana sauka ƙasa da 5. Sharaɗin shi ne ƙwayar magani ɗaya kullum ba fashi, da gwajin yawan ƙwayar cutar a jini duk lokacin da aka sa mata. Jaririn ana ba shi maganin ruwa na nevirapine mako shida, ko a haɗa masa biyu a tsawaita in uwar ta makara fara magani. A mako shida a ɗiga jinin dugadugansa a gwada, a fara masa co-trimoxazole, maganin kariya daga wasu cututtuka, a sake gwaji a wata tara da kuma bayan yaye. Asibitocin gwamnati da ke da sashen wannan aiki suna bayar da magungunan kyauta.

Abin da ya fi damun mu da gwangwani a irin wannan gida shi ne yadda yake kai uwa ga gauraya. Mai jego da ba ta shayarwa sai ta sha tambaya a wurin uwar miji da 'yan barka, don haka ta ba da nono a tsakar gida, ta ba da madara a ɗaka. Madara, ko ruwa, ko ɗauri, ko kunu kafin wata shida suna iya raunata fatar hanjin jariri, su buɗe wa ƙwayar hanya, ga shi kuma duk shan da yaro ya yi a kofi yana rage nonon da jikin uwa ke samarwa. Wadda ta riga ta gauraya kada ta yanke nono don tsoro, ta riƙe maganinta ta koma zalla. In kan nono ya tsage yana jini ko nonon ya kumbura da zafi, ta shayar da ɗayan, ta tatse mai ciwon ta zubar, ta je asibiti a ranar. Yaye ma a hankali ake yin sa, cikin kamar wata guda, ba a kai yaro gidan kaka dare ɗaya ba.

Da yawa masu sayen madara cewa suke nono bai isa ba. Jaririn da ke kama nono sau takwas zuwa goma sha biyu, yana fitsari sau shida ko fiye a wuni, nauyinsa na hawa a katin awo, ya ƙoshi. Ruwa kuwa kusan kashi 88 cikin 100 na nono ruwa ne, ko a bazara ba ya neman ƙari.

Wanda dole ta sa shi saye, saboda maraici ko ciwon da likita ya hana uwa shayarwa, ya fara neman mai shayarwa a dangi, a yi mata gwajin jini tukuna, a kuma sanar da iyalai saboda hukuncin aure. In babu, ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a ƙasan gwangwani, ya ƙi wanda ya lotsa ko ya yi tsatsa ko aka taɓa murfin cikinsa, kada ya karɓi mai lamba 2 ga jaririn da bai kai wata shida ba. Ya rubuta ranar da aka buɗe a jikin murfi, domin bayan mako uku zuwa huɗu, gwargwadon abin da kamfanin ya rubuta, sauran garin na zubarwa ne.