Madaurin kabad na girgizar ƙasa: madaurin ya yi, sukurorin ne matsala

Saitin da ake sayarwa don ɗaure kayan ɗaki da bango kusan iri ɗaya ne, ko wane kamfani ya yi shi: madauri biyu na nailan masu makulli, ƙananan faranti huɗu na ƙarfe ko na roba, sukurori, da robobin da ake cusawa a ramin bango. Wasu kan zo da gam a madadin sukuru a ɓangaren kabad. Saiti ɗaya na kabad ɗaya ne, kada a raba shi biyu.

Ba kayan ado ba ne. Hukumar kashe gobara ta Tokyo ta ce kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na waɗanda suka ji rauni a girgizar ƙasa da ta bincika a Japan, kayan ɗaki ne suka faɗo musu ko suka ture su. Doguwar kabad kuma, ko ba ta danne kowa ba, tana iya faɗuwa ta tare ƙofa.

Madaurin kansa ba shi da laifi. Nailan ɗin yana da ƙarfi, yana kuma ɗan ba da kai lokacin da gini ke jijjiga maimakon ya fizge. Makullin yana buɗewa a ja kabad a share bayanta, sannan a mayar. Wannan na da muhimmanci, don abin da ke hana shara ba ya daɗewa a ɗaure.

Inda saitin ya gaza shi ne sukurori. Yawancinsu gajeru ne, robobin kuma na rataye hoto ne. A bangon allon jifsam (siririn allo da ake kafawa a kan katako a yi bango), robar tana fita da ɓarɓashin allon da zarar kabad ta karkata. Dole sukurun ya sami katakon da ke bayan allon, wanda a gine-ginen Amurka yakan zo duk bayan kimanin santimita 40, ya kuma shige shi kamar santimita 5. Ke nan ana bukatar sukuru mai tsawon santimita 7 ko 8, sai an saya daban. A bangon kankare ko bulo, a huda rami daidai da kaurin abin da za a cusa, a hure ƙurar, a sa noti mai buɗewa a cikin rami. A guji layin simintin da ke tsakanin bulo, nan ne ya fi rauni. Kafin a huda, a tabbata babu wayar lantarki ko bututun ruwa a wurin.

Ɓangaren kabad ma haka. Allon baya siriri ne, ƙananan ƙusoshi ke riƙe da shi. Wanda ya ɗaura a nan ya ɗaure allo ne kawai, kabad za ta tafi ta bar shi. A kafa farantin a saman kabad ko a gefe, inda katako ke da kauri, ɗaya dama ɗaya hagu. Idan dussar katako ce aka matse, sukuru ba ya kama ta sosai, gara a huda a zura noti da washa (ƙaramin zoben ƙarfe) ta ciki. A ja madaurin ya miƙe sosai. Mai sako-sako yana barin kabad ta ɗauki gudu kafin ya tare ta, fizgar ce ke tumɓuke sukuru.

Saiti mai gam ya dace da firji da talabijin, inda ba a son huji. Sai an goge wurin da sinadarin alkohol ya bushe, an danna da ƙarfi, an bar shi har awa 72 kafin a ja. A kan maiƙo, ƙura ko fenti mai ɓarewa, ɓata kuɗi ne. Zafi da daɗewa suna rage masa ƙarfi, don haka a riƙa dubawa.

A jerin da hukumar ta Tokyo ta yi na ƙarfin kayan ɗaure kabad, ƙarfe mai siffar L da aka ɗaure da sukuru ya fi madauri riƙo, madauri kuma ya fi sandar da ake tokarewa tsakanin kabad da silin. Mai gidan kansa da kabad ɗin littattafai mai nauyi, ƙarfen L ya fi masa. Ɗan haya da aka hana huda bango sai ya haɗa sanda biyu a kusurwoyin baya da abin tokare ƙasan kabad ta gaba, in silin ɗin mai ƙwari ne.

Madaurin ba ya hana ƙofofin kabad buɗewa, sai an ƙara sakata, a kuma mayar da kaya masu nauyi ƙasa. Bai dace da tankin dafa ruwan wanka ba, shi wannan madaurin ƙarfe biyu yake bukata, sama da ƙasa. A fara da kabad ɗin da ke kusa da gado da wadda ke bakin ƙofa, sauran su biyo baya.