GARGAƊI: mai sayar da agogon gwajin zuciya a gurup ɗinmu na Jidda macuci ne

Riyal 1,850 jama'a. Dubu ɗaya da ɗari takwas da hamsin, kuɗin da na yi wata biyu ina tarawa da tuƙi cikin zafin Jidda, na ɗauka na ba mutumin nan a kan agogon da yanzu na gani da idona a wani shago a Balad, tsohon garin Jidda, ana sayar da irinsa riyal 60. Ba zan faɗi sunansa ba tukuna amma duk wanda ke gurup ɗin ya san wanda ke yawan saka hoton agogo da abin awon suga, shi ne.

Yarona shekararsa 15, ƙwallo ce rayuwarsa, kullum bayan isha'i yana fili nan unguwar Karantina. Tun bara yake cewa Baba zuciyata tana gudu, haka kawai ta tashi kamar an kunna inji, ta yi minti goma ko fiye sai ta tsaya farat ɗaya. Mun je mustashfa, wato asibiti, an yi ECG, gwajin ɗaukar rubutun bugun zuciya, lafiya lau, don lokacin abin bai taso ba. Aka ɗaura masa Holter, na'urar da ke ɗaukar rubutun zuciya, na awa 24 da wayoyi a ƙirji, ranar ma ko sau ɗaya bai taso ba. Likita ta ce tana zargin SVT ne, wato zuciya ta riƙa tashi da bugu mai saurin gaske farat ɗaya, amma sai an kama rubutun zuciyar a daidai lokacin da abin ke faruwa, ta ce akwai wanda ake mannawa a ƙirji har kwana 14, akwai kuma ɗan ƙarami da ake ɗora yatsu a kai daƙiƙa 30. Ni kuma na tsaya lissafin kuɗi, a nan mutumin nan ya same ni.

A ƙofar masallaci ne bayan magariba, har yanzu ina ganin wurin. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce "Kawu yaron nan ƙanina ne, wallahi ko riyal ɗaya ban ɗora ba." Ya ɗaura agogon a hannunsa, layi ya fito yana hawa yana sauka irin na asibiti sak, ya ce daga Jamus aka kawo, ya ce yana da rajista da hukumar magunguna ta Saudiyya takardar tana zuwa. Ƙanina ne. Maganar nan ita ke hana ni barci. Mutumin da muke sahu ɗaya da shi, ya zo gaisuwa lokacin rasuwar mahaifiyata, wa zai yi zargin irin wannan? Shekara 19 ina ƙasar nan ba a taɓa cin kuɗina haka ba, kuma ban saya ido rufe ba, na tambaya, na ce ina fatura, wato rasit, ya ce kayan sun zo ta hannun ɗan'uwansa ne babu fatura amma shi ne garanti. Na tura masa 1,000 a daren ta banki, 850 kuma hannu da hannu bayan sati. A'a, 850 ɗin ne farko a hannu, ranar masallacin, 1,000 daga baya. Duk dai ina da shaidar turawar da hirarmu ta WhatsApp da muryarsa, zan saka muku yau da dare in sha Allah ku ji da kunnenku.

Ranar Alhamis abin ya taso wa yaron a fili, abokansa suka kawo shi gida yana dafe da ƙirji, fuskarsa ta yi fari, jijiyar wuyansa tana harbawa ina gani ba na iya ƙirgawa don sauri. Na duba agogo: bugu 82 a minti. Ya danna wurin gwajin, layi mai kyau ya fito, lafiya lau wai. Uwarsa ce ta ce mu tafi asibiti kawai, kafin mu kai abin ya lafa, an sake rasa shi. Wata uku kenan muna dogara da abin nan, wata uku yana buga ƙwallo ina cewa ai agogo na lura da shi.

Tun kafin nan ma ƙanwarsa ta taɓa cewa Baba agogon Yaya yana awo shi kaɗai, ban saurare ta ba don yarinya ce. Da muka dawo daren na ɗaura shi a jikin robar ruwa, 78. Na ajiye a kan kafet, 80, har da layin yana rawa. Kafet jama'a.

Likitar da na nuna mata ta ce koren hasken da ke bayan agogo bugun jini kawai yake ƙirgawa a fata, kuma in mutum na gudu yana yawan kuskure, ECG na gaske wutar zuciya yake ɗauka shi ya sa sai ka taɓa ƙarfen da yatsan ɗaya hannun. Ta ce ko Apple Watch na asali kamfanin da kansa ya rubuta ECG ɗinsa na masu shekara 22 zuwa sama ne, bel ɗin ƙirji na 'yan wasa kuma ya fi agogo ƙirga daidai amma shi ma ba ya maye gurbin gwajin likita. To wannan da ya sayar min ko ƙirgen ma ba ya yi, hoto ne kawai aka saka a ciki yana maimaita kansa. Riyal 1,850.

Na kira shi ya ce wai ƙila yaron ne ya jiƙa shi da gumi. Na sake kira ya ce yana Madina. Yanzu ya toshe ni, kuma kwana huɗu ba a gan shi a masallaci ba.

Kar ku sayi komai a wurinsa. Abin zuciya ku tambayi likita sunan na'urar, ku saya a kemis da fatura, in kuna da irin agogon nan ku ɗaura wa roba ku gani.

Gobe zan kira 1900 na ma'aikatar kasuwanci in shigar da ƙara, wanda ya saya a wurinsa ya yi min magana mu haɗa shaidu. Yaron an hana shi ƙwallo sai an manna masa na kwana 14 ɗin an ga sakamako, jiya yana zaune a taga yana jin ihun abokansa daga fili, ya juyo ya ce Baba mutumin ya dawo da kuɗin? Na ce masa tukuna.